Katunan Yaya Idi

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai kai matafiyi, shi ne mai dawo da shi in ya ga dama.

Tun da na dawo daga Landan mutane suke tare ni da tambaya iri biyu. Masu son labari suna cewa, yaya garin yake, da gaske ne rana ba ta fitowa? Waɗanda suka san gidanmu kuwa sai su ja ni gefe su rage murya, su ce, Malam Haruna, me ya sa kuka shimfiɗa tabarmar makoki wata biyar bayan rasuwar ɗan'uwanku? Na gaji da ba da amsa gutsi-gutsi a ƙofar masallaci. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, shi ya sa na zauna na rubuta. Da ajami na fara, yadda hannuna ya saba, daga baya na juya shi boko saboda masu karatun zamani.

Mu uku ne maza a wurin mahaifinmu, a cikin birnin Zariya: Malam Babba, sai Yaya Idi, sai ni auta. A zauren gidanmu Baba ya koya mana karatu da rubutu, kuma hannu ɗaya ya ba mu duka. Ajaminsa ƙanana ne a matse, ba ya sa wasali, wanda bai tashi a zauren nan ba sai ya yi gumi kafin ya fitar da layi guda. Yaya Idi ya tafi Ingila karatu ina saurayi. Can ya auri wata 'yar zangon Kumasi mai suna Adiza, can ya zauna. Da ciwon ajali ya kama Innarmu, shekara ashirin da bakwai ke nan, ta yi mako uku tana kiransa. Malam Babba ya aika masa har sau uku. Bai zo ba, bai faɗi dalili ba, sai dai ya ce a yi masa afuwa. Muka binne ta babu shi. Tun daga ranar magana ɗaya ce a gidanmu: matar nan ta riƙe shi. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba. Wasiƙun da ya riƙa aikowa daga baya Malam Babba bai buɗe ko guda ba. Ni kuwa gaisuwar Salla ce ta rage tsakaninmu, a waya, a tsaitsaye.

Da labarin rasuwarsa ya zo a farkon kaka, Malam Babba ya yi salati, ya yi masa addu'a, amma ya hana a fito da tabarmi. Ya ce wanda bai zauna makokin uwarsa ba, ba za a zauna nasa a ƙofar gidanta ba. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa tarar da ƙofar wayam, su ɗan tsaya su koma.

Bayan kwanaki sai 'yarsa Bilkisu ta kira ni. Ta ce mahaifiyarta tana roƙona in zo kafin ta fita takaba, akwai wasu takardu da take so in karanta mata. Ta ce ni kaɗai, ba wani ba. Da na gaya wa Malam Babba ya ce, "Je ka. Ka tsaya a kabarinsa ka yi masa addu'a, haƙƙin Musulmi ne. Ban da wannan ba ni da saƙo."

Biza ta ci wata uku. A cikin Fabrairu na bi mota zuwa Kaduna, na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, washegari na shiga jirgin sama, karon farko tun aikin Hajji. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudu ce kusa da ni. Ita ta buɗe mini ledar abinci da ta gagare ni, ta kuma ba ni bargonta da ta ga ina rawar ɗari. Na yi salla a zaune, alƙibla kuwa na bar wa Allah, don jirgin bai tambaye ni ba kafin ya juya.

A wurin binciken kaya na sha kunya. Kilishin da na ɗaure da kyau aka karɓe, wai ba a shiga da nama. Kukar da na kawo aka shinshina, aka kira wani shi ma ya shinshina, ni ina ta nuna musu da hannu yadda ake kaɗa miya, har suka mayar mini. Da aka ɗaga farar rigata ta Juma'a sai ga ta baƙa ƙirin daga wuya zuwa aljihu. Kwalbar tawadata ce ta buɗe a hanya. Baturiyar da take binciken ta tambayi abin da ya kawo ni, na harhaɗa ɗan Turancin da nake da shi na ce wana ya rasu. Ta naɗe rigar a hankali kamar ba ta lalace ba, ta ce ta yi mini ta'aziyya. Ita ce ta fara yi mini gaisuwar Yaya Idi ido da ido.

Bilkisu na gane ta tun daga nesa, goshin ubanta ne da wushiryarsa. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, sannu da hanya," daga nan Hausarta ta ƙare. Tana jin komai, amma in ta buɗe baki Turanci ke fitowa, sai ta kama kanta ta dawo tana tsintar kalmomi ɗai-ɗai. A gidanta na sauka, a unguwar Tottenham, a wani ɗaki da in na miƙe hannu biyu nake taɓa bangonsa. Ba buta a banɗaki sai wata robar madara da mijinta ya ajiye. Sanyin kuwa ba irin namu ba ne, shi da ruwa yake tafe, ya shiga ƙashi ya zauna. Salloli sun matsu da juna, kana sallame Azahar La'asar na ƙofa, ka gama La'asar gari ya fara duhu. Maƙwabcin da muka yi karo da shi a matakala na yi masa sallama har da tambayar iyali, ya dube ni kamar na roƙe shi wani abu. Sannan duk shagon da muka wuce an cika gilashinsa da jajayen zukata da furanni. Na tambayi Bilkisu, ta ce ranar masoya ce ta gabato. Na kawar da kai, don na sha jin wa'azi a kanta a gida, ni ma na sha yi.

Ranar Alhamis ta kai ni wurin mahaifiyarta a Thamesmead. Sai da muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda wani tsani mai tafiya da kansa ya kama gefen babbar rigata har wani saurayi ya fizge mini ita, sannan muka bi bas muka yi ta tafiya. Unguwar siminti ce zalla, gidaje bisa gidaje, duk launin toka. A hawa na bakwai Yaya Idi ya yi rayuwarsa. Na shiga na ga buzunsa a jingine, da takalminsa a bakin ƙofa.

Hajiya Adiza gajeriyar tsohuwa ce, idonta a bushe. Hausarta ta zango ce, ba ta raba namiji da mace. Muka yi gaisuwa muka yi addu'a, Bilkisu na zaune a gefe. Ta sa aka kawo mini shinkafa da wake irin ta Gana, ja-ja, da wani baƙin yaji mai ƙamshin kifi wanda ya sa ni hawaye.

"Auta ba ya cin yaji," in ji ta. "Wanka ya gaya mini. Ya ce har ka yi gemu Inna na ware maka miya."

Na ce, "Hajiya, ai ƙarya ya yi mini."

"Ga shi kuwa kana kuka a gidana tun ban ce komai ba."

Da na gama ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin biskit, ta buɗe a gabana. Katuna ne tsofaffi a jere, kowanne a cikin ambulan ɗinsa da kan sarki. Takardarsu an huhhuje ta kamar leshi, ta yi ruwan ƙasa don tsufa, da furanni da tsuntsaye da zukata a jiki. Ta ce talatin da shida ne. Tun shekarar aurensu, duk tsakiyar Fabrairu sai ɗaya ya zo ta gidan waya, babu sunan mai aikowa, da rubutun ajami a ciki. In ta miƙa masa sai ya gyara tabarau ya ce, "Wa yake aiko wa matata takarda? Ni ba na karanta wasiƙar mutane." Ita kuwa talla aka ɗora mata tun tana ƙarama, surorin salla da ka ta haddace su. Shekara talatin da shida ba ta san abin da ke ciki ba.

Ban ko taɓa su ba. Na ce, "Hajiya, wannan al'adar Nasara ce. Ban taso daga Zariya don in karanta wasiƙar ranar masoya ba, balle kina cikin takaba."

Haka bakina ya faɗa, kuma a lokacin na ɗauka tsoron Allah ne ya sa ni. Yanzu da nake rubutu na san rabinsa haushin Inna ne.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Malamai sun cika garin nan. Ka ga zan ɗauki maganar mijina in kai wa baƙo? Wan miji kuwa ko inuwarsa ba na takawa. Bilkisu bai iya ba, kuma ko ya iya, ɗa ba ya karanta wa uwa irin wannan. Ƙanin miji ne kaɗai zan zauna gabansa a karanta, in abin dariya ne mu yi, in na kunya ne in zage shi in wuce. Kai kaɗai gare ni."

Ta ci gaba da cewa:

"Talata nake fita takaba. Laraba zan mayar wa council, hukumar da ta ba mu haya, da gidan nan, in koma wurin Bilkisu. Ba zan bar su a bayana wani ya zuba a shara ba, da sunan Allah a ciki. In ba ka karanta ba, ƙona su zan yi." Ta mayar da murfin. "Kun ce ni na riƙe shi. Na ji, har nan ya iso. Abin da nake so in sani, ko shi ma haka ya ce."

Na tashi na yi mata sallama, muka tafi.

Ranar Asabar Bilkisu ta ce za ta nuna mini gari. Muka sauka a Charing Cross, ta bi da ni wani titi mai manyan ofisoshi, ta nuna mini wata ƙofa ta ce nan babanta ya yi gadi har ya yi ritaya. Mu a gida mun ɗauka babban akawu ne. Daga nan ta gangara da ni wani wuri a ƙarƙashin tashar, inda tsofaffin Turawa suke baje tebura suna sayar da abin da mu za mu ba mai ƙosai ta naɗe: tsofaffin kan sarki, tsofaffin kwabbai, wasiƙun mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ta tsaya gaban wani dattijo sanye da safar hannu wadda aka yanke mata yatsu, tebur ɗinsa cike da katuna irin na gwangwanin. Nan na gane yarinyar nan dabara ta yi mini.

Dattijon mai son magana ne. Yana faɗa, Bilkisu na juya mini da Hausarta mai ɗingishi. Ya ce da fari da hannu masoya suke rubuta abinsu, su naɗe su yanka da almakashi. Daga baya, a zamanin wata sarauniyarsu da ta daɗe a kan mulki, tun kafin Turawa su iso ƙasarmu, aka gano yadda za a danne takarda a goge ta har ta huje kamar leshi. 'Yan mata ne suke zama a ɗakunan sana'a suna manna mata siliki da gashin tsuntsu da busassun furanni, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a da wanda aka kawo wa wasiƙa shi yake biyan kuɗinta, sai aka fito da kan sarki mai araha, mai aikawa ya biya, ya jefa a akwati ya wuce ba wanda ya gan shi. Daga nan abin ya yaɗu, har masu raba wasiƙu suna nishi da buhuna a ranar. Ya nuna mini wani mai zare a tsakiya, in ka ja sai furen ya tashi kamar keji, ka hango wani hoto da aka ɓoye a ƙarƙashi. Ya nuna mini na zagi ma, masu araha, da ake aika wa wanda aka tsana. Na ce a raina, ashe ko'ina da masu habaici.

Na sa Bilkisu ta tambaye shi me ya sa ba sa rubuta suna. Ya ce ka'idar ke nan. Mutanen wancan zamani masu nauyin baki ne, namiji ya fi son a cire masa haƙori da ya dubi mace ya ce yana sonta. Sai ya aika ba suna. Ita ta sani, shi ya san ta sani, amma ba wanda zai tayar da maganar.

Wannan ya tsaya mini. Na ɗauka Turawa ba su san kunya ba, ashe kakanninsu sun santa. Mahaifinmu ya yi shekara arba'in da Inna ban taɓa jin ya kira sunanta ba.

Sai Bilkisu ta fito da kati ɗaya daga jakarta, na gwangwanin. Dattijon na ganinsa ya washe baki, ya ce ai shi ya sayar da wannan, wa Mista Janairu. Bai san sunansa ba, haka yake kiransa, don duk Janairu yake zuwa. Ya ce mutum ne mai wahalar ciniki, sai ya yi awa guda yana zaɓe. Ba ya ɗaukar wanda aka riga aka yi rubutu a ciki, ba ya kuma ɗaukar mai hoton jariran nan tsirara masu fikafikai, komai kyansa. Sai mai fure, ko tsuntsu, ko hannu riƙe da hannu. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko wani a cikin leda, ya ce tun kafin Kirsimeti ya ɓoye masa wannan, amma bana ya makara, lafiya dai?

Bilkisu ba ta iya juya mini amsar da ta ba shi ba, ban kuma bukata ba. Dattijon ya cire hularsa. Ya tura mata katin, ta buɗe jaka, ya girgiza kai.

A cikin jirgin komawa na karɓi wanda ta zo da shi na buɗe. Ban karanta ba, na dubi hannun kawai. Bisimilla ce a sama, da salo irin na Baba, yadda yake karkata wutsiyar harafi ta ƙarshe. Na ji ƙamshin zaurenmu a ƙarƙashin ƙasar Landan. Na tambayi kaina, maganar miji ga matarsa ta halal, a wane wata ne Allah ya haramta ta? Ban sami amsa ba har muka sauka.

Ranar Lahadi da hantsi na yi alwala na zauna gaban Hajiya Adiza, Bilkisu na bakin ƙofar kicin. Na ce, "Kawo su. Amma in na ci karo da abin da ya fi ƙarfina, tari zan yi in tsallake."

"Tsoho da kai," in ji ta. "Karanta."

Na yi zaton zan tarar da irin kalaman da samari suke yi. Ga abin da ke cikin na farko: "Kin zo ƙasar sanyi da takalmin roba, na ga dugaduganki sun tsage. Man da kika tsinta a kan taga ba daga sama ya faɗo ba."

Na uku ya ce: "Miyar kukar Juma'ar nan gishiri ya yi mata yawa. Na ce ta yi daɗi, kuma ban yi ƙarya ba, ina kallonki nake ci."

"Maƙaryaci!" in ji ta, ta tafa hannu. "Kofi uku na ruwa ya sha. Na gan shi."

Wani ya ce: "Na ji kina waƙar garinku a kicin, kin ɗauka na fita. Ina bayan ƙofa da takalmi a hannu har na makara aiki." Na shekarar da aka haifi Bilkisu ya ce: "Yarinyar ta ɗauko goshina, Allah ya ba ta haƙuri." Bilkisu ta dafe goshi tana dariya tana share ido. Haka muka yi ta tafiya, ita ke miƙo mini su bi da bi, ba ta taɓa kuskuren jeri ba.

Sai ta miƙo na tara. Hannu biyu ne a jikinsa riƙe da juna, da ƙananan furanni shuɗaye. Idona ya riga bakina sauka ƙasa, na ga sunan Inna. Na karanta farkon: "Godiya ga Allah da ya tashe ki. Likita ya ce kin haye. Gidan nan ba ya zaunuwa in ba kya ciki." Na yi tari, na rufe, na miƙa hannu a ba ni na gaba.

Ba ta ba ni ba.

"Layi goma sha ɗaya ne a wannan," in ji ta. "Uku ka ba ni. Ban iya karatu ba, Malam, amma na iya ƙirga. Shekara nawa ina kallonsu."

Na ce, "Hajiya, a bar shi."

"Don shi na kira ka."

Na sake buɗewa. Amana ce, ba ni da ikon rage ta. Na karanta:

"Na ce miki labarin Inna ya iso bayan an binne ta. Ƙarya na yi. Sau uku Yaya ya aiko tana raye tana kirana. Kina asibiti ba ki san inda kike ba, an fitar da yaron babu rai, yarinya tana hannuna. Takarduna ba su fito ba, in na fita ƙasar nan ba za a bar ni in dawo ba. Na kasa buɗe baki in ce wa Yaya saboda matata na zauna. Suna cewa ke kika riƙe ni. Ba ki riƙe ni ba, ba ki ma sani ba. Ni na zauna, kuma da za a sake, zan sake zama. Allah ya yafe mini, Inna ta yafe mini. Kada ki ɗauki wannan a kanki."

Hajiya Adiza ta daɗe tana kallon takalminsa a bakin ƙofa.

"Kada in ɗauka a kaina," in ji ta a hankali. "Shekara ashirin da bakwai ina ɗauke da shi. Ashe amsar tana ƙarƙashin gadona."

A nan idonta ya kawo ruwa, karon farko da na gani. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa. Na ce ta yafe mana, ni da gidanmu duka, mun ci namanta shekara da shekaru. Ta ce ta yafe, amma ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Muka yi Azahar, muka ci gaba har na talatin da shida. A na ƙarshen hannun ya fara rawa, layi biyu ne kawai, yana tuna mata ta riƙa shan maganinta ko ba ya nan. Sannan Bilkisu ta ajiye mata wanda dattijon ya bayar, ta gaya mata inda ya fito. Ta buɗe shi, fari fat a ciki. Ta shafa takardar da yatsa.

"Wannan zan karanta da kaina," in ji ta, ta sa shi a saman sauran.

Ba ta ƙona su ba. Bilkisu ta sayo littafi, na kwashe kwana uku ina juya mata su da boko. Na je kabarinsa ana yayyafi, a wata maƙabarta mai nisa, layi-layi, kowa da lambarsa a kan ɗan allo. Na yi addu'ar da aka aiko ni, na ƙara da tawa. Ranar da zan taho Hajiya Adiza, ta riga ta fita takaba, ta miƙo mini kati na tara a cikin ambulan ɗinsa.

"Wannan rabinsa naku ne. Ni ba zan iya tsayawa gaban wan miji in faɗi abin da ke ciki ba. Ka kai masa. In ya ƙi buɗewa ka dawo mini da abina." Ta ɗora mini kwalbar baƙin yajin nan a kai. "Wannan kuma naka, ka koyi zama namiji."

Na iso Zariya ranar Litinin da yamma. Washegari da hantsi na sami Malam Babba a zaure, inda Baba yake zama. Ya tambayi hanya, ya tambaya ko na je kabarin, na ce na je. Na ajiye katin a kan buzunsa. Ya dubi leshin da furannin, ya ɗaure fuska.

"Mene ne wannan kuma? Tsarabar Nasara ka kawo mini?"

Na ce, "Buɗe, Yaya. Ba ni zan karanta maka ba."

Da ambulan ne a liƙe na san da ya tura mini abina, kamar yadda ya yi wa wasiƙun baya. Amma katin a buɗe yake, ya ɗaga shi da ɗan yatsa kamar mai ƙyama, idonsa ya faɗa kan bisimillar. Ya tsaya. Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ina kallon leɓensa yana motsi har ƙasa, ya koma sama ya sake.

"Gadi yake yi?" Na riga na gaya masa ƙofar da Bilkisu ta nuna mini. Na ce e.

"Yaron da aka fitar, ba wanda ya gaya mana."

Na ce, "Ba wanda ya gaya mana."

"Da ya faɗa mini..." Bai ƙarasa ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Ba zai faɗa ba. Ni ma da ni ne ba zan faɗa ba. Haka aka koya mana a ɗakin nan."

Ya rufe katin, ya sa shi a cikin gafakar Baba, har yau bai mayar mini ba. Ya dafa bango ya miƙe.

"Haruna, a fito da tabarmi."

Kwana uku muka zauna. Allah ya jiƙan Yaya Idi, ya jiƙan Inna, ya sada su inda ba a neman takarda. A rana ta farko wani tsohon abokin Baba da ba ya gari ya zo wucewa, ya ga taro ya tsaya ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ashe Idi ya rasu? Yaushe aka yi rasuwar?"

Na buɗe baki zan lissafa masa watanni, Malam Babba ya riga ni.

"A wurina," in ji shi, "yau da hantsi."